Kuɗin da ba a ƙara shi: tambayoyi da amsoshi kan ƙarancin Bitcoin da gutsuttsura shi

Tun da harkar kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ta shigo Maradi, daga matasan da ke dangwalar waya suna jiran a raba musu kwabo har zuwa ƴan kasuwar da ke biyan kaya a Kano ko Dubai ta salula, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawowa a fada da shagon caji da teburin mai shayi. Yawancinsu a kan abu biyu suke: an ce adadin Bitcoin ba ya ƙaruwa, an kuma ce ana iya gutsuttsura shi ƙanana ƙanana. An tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan nauyi. Inda aka ce dala kawai, tamu ta gida ake nufi, wato sefa 5. Ta Amurka za a kira ta da sunanta.

1. Da gaske ne Bitcoin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba?

Haka aka rubuta a manhajarsa tun farko. Wanda ya ƙirƙiro shi, mai ɓoye kansa da sunan Satoshi Nakamoto, ya fitar da takardar bayani a ƙarshen Oktoba 2008, aka buɗe kundin da ake rubuta duk hada-hadar Bitcoin a ciki, shafi bayan shafi, ranar 3 ga Janairu 2009. Dubban kwamfutoci a duniya suna riƙe da kwafin wannan kundi, kowace tana duba duk abin da aka shigar. Wanda ya yi yunƙurin ƙirƙirar ko guda ɗaya fiye da ƙa'ida, sauran za su yi watsi da shafinsa.

Sefa ba haka take ba. Babban bankin BCEAO da ke Dakar shi ke duba yanayin kasuwa ya ƙara ko ya rage kuɗin da ke yawo a ƙasashe takwas na UEMOA. Bitcoin ba shi da gwamnan banki da zai sa hannu. Ko za a iya canza wannan adadi wata rana, duba tambaya ta 14.

2. To daga ina sababbi ke fitowa, kuma mene ne wannan rabawa biyu da ake ta magana?

Kusan kowane minti 10 ana rufe shafi ɗaya a kundin, kuma mai haƙon da ya rufe shi, wato mai injin kwamfutar da ya yi wannan aiki, ana ba shi lada da sabon Bitcoin. Ta nan kaɗai sabo ke shigowa. A 2009 ladan 50 ne. Duk bayan shafi 210,000, wato wajen shekara huɗu, sai ladan ya rabe biyu: ya koma 25 a Nuwamba 2012, 12.5 a Yuli 2016, 6.25 a Mayu 2020, sannan 3.125 a Afrilu 2024. Haka zai yi ta raguwa har ya ƙare wajen shekarar 2140.

Ranar da aka yi rabon 2024, an riga an haƙo wajen 19,687,500, wato fiye da kashi 93 cikin 100. Yanzu kusan 450 ke fitowa a rana, abin da bai kai ƙarin kashi 1 cikin 100 a shekara ba. Saboda haka mai cewa adadin Bitcoin yana raguwa bai faɗi daidai ba. Har gobe ƙaruwa yake, saurin ƙaruwar ne ke ja da baya.

3. Miliyan 21 ai ko mutanen Nijar ba zai ishe su ɗaya ɗaya ba. Yaya zai zama kuɗin duniya?

Gaskiya ne, mu kaɗai mun haura miliyan 25. Amma ba dole ba ne mutum ya mallaki guda cikakke. Kowane Bitcoin ɗaya yana rabuwa gida miliyan 100, kuma ƙaramin yankin ana kiran sa satoshi. In ka lissafa duka, satoshi kusan 2,100,000,000,000,000 ke nan. Ko da za a raba wa mutum biliyan 8 daidai wa daida, kowa zai tashi da wajen 262,500.

Wasu kuɗaɗen ma sun fi shi rabuwa. Ether na Ethereum yana rabuwa har gurbi 18 bayan ɗigo. Matsalar a ce kuɗin ba zai kai ga kowa ba, wannan kam an magance ta. Sauran matsalolin da ƙarancin ke jawowa suna nan daram, kuma su ne a tambaya ta 7 da ta 8.

4. Idan ana iya gutsuttsura shi haka, ai ƙayyade adadin ya zama banza ke nan?

A'a. Buhun hatsi ɗaya, ko ka auna shi da tiya, ko da rabin tiya, ko da gwangwanin tumatir, hatsin da ke ciki bai ƙaru da ƙwaya ɗaya ba. Mai rabin buhu yana nan da rabin buhunsa. Abin da zai rage masa rabo shi ne a kawo wasu buhuna a zuba a kasuwa.

Buga sabon kuɗi yana rage kason kowa a cikin jimlar. Gutsuttsurawa ba ta taɓa kason kowa, tana dai ba mai ƙaramin ƙarfi damar saye gwargwadon aljihunsa. Mutane da yawa suna cakuɗa biyun, har da waɗanda suka daɗe a harkar.

5. Jika biyar ke gare ni. Zan iya saye, kuma nawa zan samu?

Za ka iya. Farashi yana motsi kowane lokaci, don haka mu ɗauki lissafi mai sauƙi: a ce Bitcoin ɗaya dalar Amurka 100,000 ne, matakin da ya fara tsallakewa a Disamba 2024, kuma a ce dalar Amurka ɗaya sefa 600 ce. Guda ɗaya ya kama sefa miliyan 60, satoshi ɗaya kuma sefa 0.6. Dala ɗaya tamu wajen satoshi 8 ce, jika ɗaya wajen 1,667, jika biyar ɗinka wajen 8,333. A waya za ka ga an rubuta 0.00008333, kada yawan sifilin ya karya maka gwiwa.

Sai dai kafin ka kai nan akwai la'adar wanda ya sayar maka, da ta dandalin da kuka haɗu, da kuɗin turawa in za ka kwashe zuwa lalitarka, wato manhajar da kake ajiye kuɗin a cikinta. A ƙaramin kuɗi waɗannan suna cin kaso mai tsoka. Duba tambaya ta 13 kafin ka tura komai.

6. Me masana ke nufi da faɗuwar farashi? Ba ita ce arahar da muke gani da kaka ba?

Ba ita ba ce. Da kaka hatsi da wake da gujiya suna sauka saboda sun cika kasuwa, amma siminti da man fetur da kuɗin haya suna inda suke, kuma da bazara ta yi komai zai koma. Abin da masana tattalin arziki ke nufi shi ne farashin kusan komai ya yi ta sauka tare, wata bayan wata, saboda kuɗin da kansa ne ke ƙara daraja. Kishiyar hauhawar farashi ke nan.

Mun ɗan ɗanɗana irinta a tsallaken iyaka. A farkon 2023, da Najeriya ta canza fasalin naira takardun kuɗi suka yi wuya, mai tsaba a hannu ya riƙa sayen dabba da hatsi da araha a kasuwannin ƙauye, domin mai kaya ya matsu ya ga kuɗi. Kaya ba su ƙaru ba, kuɗi ne suka ɓace. Masu jin tsoron tsarin Bitcoin suna cewa da shi ne kuɗin kowa, irin wannan hali zai zama na dindindin: jama'a na ƙaruwa, kaya na ƙaruwa, kuɗi na tsaye, dole farashi ya yi ta sauka.

7. Araha ai alheri ce. Me ya sa ake jin tsoronta?

Ga mai saye na rana ɗaya alheri ce. Amma mai saye da safe shi ne mai sayarwa da yamma. Idan tela ya san yadin da ya saro yau zai faɗi wata mai zuwa, ba zai saro ba. Idan mai shirin gini a unguwar Zariya ya san bulo da kwano za su ƙara sauka baɗi, sai ya dakata, magini da lebura da mai amalanke su zauna ba aiki. Su kuma da ba su samu ba, ba za su sayi komai ba, farashi ya ƙara sauka. Kowa ya ƙanƙame kuɗinsa yana jira, kasuwa ta mutu a tsaye. Amurka ta shiga wannan rami daga 1929 zuwa 1933, farashin kaya ya faɗi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, dubban bankuna suka rufe. Japan ta yi shekaru tana fama da mai sauƙinta tun daga shekarun 1990. Shi ya sa manyan bankuna ke son ɗan hauhawa kaɗan. BCEAO tana neman tsakanin kashi 1 da 3 cikin 100 a shekara.

Magoya bayan Bitcoin suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mai jin yunwa ba ya ɗaga cin tuwo zuwa baɗi don hatsi zai sauka, kuma wayar salula kullum ƙara araha take amma ba a daina saye ba. Suna kuma nuni da ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ƙasashe da dama ke kan ma'aunin zinariya: farashi ya yi ta sauka a Amurka daga shekarun 1870 zuwa tsakiyar 1890, masana'antu kuwa suna bunƙasa.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Saukar da ta zo don an iya sarrafa kaya da sauƙi daban take da wadda ta zo don kuɗi sun ƙafe. Sannan ko a wancan zamani na zinariya, manoman Amurka masu bashi a wuya sun yi kuka sosai, har abin ya zama babbar rigimar zaɓen 1896. Wannan ya kai mu tambaya ta gaba.

8. Ina ruwan bashi da wannan magana?

Nan ne gizo ke saƙa, musamman a gari irin namu. Kasuwancin Maradi a kan amana da bashi yake tafiya. Alhaji yana ba yaransa kaya su kai Tibiri ko Dakoro ko Tasawa, sai an ci kasuwa a kawo kuɗi. Manomi yana cin bashi da bazara ya biya da kaka. Mata suna zubin adashi na watanni. Duk wannan yana yiwuwa ne don jikar yau da jikar wata shida kusan abu ɗaya suke saye.

Yanzu a ce mai shago ya ranci Bitcoin 0.01 lokacin da guda ke sefa miliyan 30, wato jika 300. Ya saro kaya, ya juya su shekara guda, Allah ya sa albarka suka zama jika 360. Ranar biya Bitcoin ya ninka. Bashin nan na 0.01 bai canza a rubuce ba, ba a ɗora masa ruwa ko na dala ɗaya ba, amma sai ya nemo jika 600 kafin ya sauke shi. Ya yi aiki, ya ci riba, ya tashi da giɓin jika 240. In kuma farashin ne ya rabe biyu, mai ba da rancen ne zai karɓi abin da bai wuce jika 150 ba. Masanin nan Irving Fisher ya yi bayanin wannan tun 1933: idan kuɗi na ƙara daraja, mai bashi yana biya bashin yana ƙara nauyi.

Kuɗin da ke ƙara daraja yana fifita wanda ya riga ya tara a kan wanda ke fafutukar farawa. Shawara a nan gajera ce: kada ka ci bashi ko ka ba da shi da ma'aunin Bitcoin, kada kuma a ƙulla adashi da shi. In ma ta nan za a tura kuɗin, a rubuta yarjejeniyar da sefa.

9. Tunda adadinsa ƙayyadadde ne, ai dole farashinsa ya yi ta hawa?

Babu dole. Ƙarancin abu rabin magana ne, sauran rabin shi ne masu nema. Yau kowa zai iya ƙirƙirar kwabonsa ya ƙayyade shi a guda dubu, ba mai taya shi ko dala. Bitcoin ya hau ƙwarai, ba musu: a Mayu 2010 wani mai suna Laszlo Hanyecz ya ba da 10,000 aka kawo masa fiza biyu. Amma hanyar cike take da ramuka. Daga kusan dalar Amurka 20,000 a Disamba 2017 ya gangaro wajen 3,200 bayan shekara guda. Daga wajen 69,000 a Nuwamba 2021 ya dawo wajen 16,000 a Nuwamba 2022. A duk lokutan nan adadin miliyan 21 bai motsa ba.

Wanda ya sa kuɗin hayar gida ko na taki a irin wannan lokaci, ba zai iya jiran shekara biyu ya farfaɗo ba, dole ya sayar a ƙasa. Masu nuna maka hoton hawan ba su cika nuna maka waɗannan ba.

10. Bitcoin ya riga ya yi tsada. Ba gara in sayi kwabo mai araha in sami miliyoyi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cinye wa matasa kuɗi. Farashin guda ɗaya ba ya gaya maka komai sai ka san guda nawa ne a duniya. Jika goma a Bitcoin da jika goma a kwabon da ake sayar da dubunsa a dala ɗaya, duk jika goma ce. Ɗaya zai nuna maka sifili da yawa a gaba, ɗayan sifili da yawa a baya. In kowanne ya hau da kashi 10 cikin 100, ribarka jika ɗaya ce a duka biyun.

Ga gwajin da ya kamata kowa ya iya: ninka farashin da aka yi maka alkawari da yawan kwabon. An daɗe ana yaɗa wa masu haƙon Pi a waya cewa guda ɗaya zai kai dalar Amurka 314,159. Iyakar adadin Pi biliyan 100 ne. Ninka su ka ga: sama da tiriliyan 31,000, alhali duk abin da duniya ke samarwa a shekara bai fi tiriliyan 100 da ɗoriya ba. Haka masu jiran Shiba Inu ya kai dalar Amurka ɗaya, shi da ke da ɗaruruwan tiriliyoyi a kasuwa. Ba sai ka je jami'a ba, kwakuletar wayarka ta isa.

11. Ana cewa wasu kuɗaɗen ana ƙona su don su yi tsada. Yaya abin yake?

Ƙonawa ita ce a tura kwabo zuwa adireshin da ba wanda ke da mabuɗinsa, ko manhaja ta shafe shi daga lissafi. Ethereum ba shi da iyakar adadi, amma tun Agusta 2021 yana ƙona wani ɓangare na kuɗin turawa, kuma a Satumba 2022 ya rage fitar da sabo ƙwarai da ya daina amfani da injinan haƙo. In ana hada-hada da yawa adadin yana ɗan raguwa, in kasuwa ta lafa yana ɗan ƙaruwa. BNB kuma an tsara za a yi ta ƙona shi daga miliyan 200 har ya koma miliyan 100. Dogecoin ya bi wata hanyar: kullum ƙara shi ake, wajen biliyan 5 a shekara.

Ƙonawa ba ta haifar da mai saye. Kuma tsarin da ke ƙonawa yau yana iya zama mai ɓarin kuɗi gobe. Luna na Terra an gina shi a kan ƙonawa da ƙirƙira, a Mayu 2022 amana ta karye, cikin ƴan kwanaki adadinsa ya tashi daga ɗaruruwan miliyoyi zuwa fiye da tiriliyan 6, darajarsa ta zama toka. Duk wanda ya zo maka da kwabo yana ta nanata cewa ana ƙona shi, tambaye shi wa ke riƙe da mafi yawansa, wa kuma ke da ikon ƙirƙirar sabo.

12. Wanda ya ɓace fa? Kuma in mutum ya rasu, yaya magada za su yi?

Wanda ya ɓace ya tafi ke nan. Lalitar da mutum ke riƙe da kansa tana da kalmomin sirri 12 ko 24. In waya ta faɗa ruwa kuma kalmomin ba a rubuce suke ba, babu ofishin da za a kai kuka. Kuɗin suna nan a kundi kowa na gani, ba mai iya taɓa su. Akwai wani mutum a Wales ta Birtaniya da aka zubar da ma'ajiyar kwamfutarsa a bola a 2013 da wajen Bitcoin 8,000 a ciki, ya yi shekaru yana neman izinin tono bai samu ba. Ta irin wannan hanya ce adadin Bitcoin da ake iya amfani da shi ke raguwa, kuma hasarar wani tana ƙara wa kason saura nauyi.

Wajen rabon gado, gutsuttsurawa ta sauƙaƙa aiki. Mamacin da ya bar 0.05, wato satoshi miliyan 5, tumunin matarsa 625,000 ne cif, a fitar da sudusin uwa, a raba saura tsakanin ƴaƴa, ba sai an sayar da komai ba. Wahalar ita ce a san da kuɗin tun farko. Yawancin masu wannan harka matasa ne da ko iyayensu ba su san suna yi ba. Haƙƙin magada ne, don haka a rubuta kalmomin a takarda, ba a hoton waya ba, a adana inda ruwa da gara ba za su kai ba, a kuma sanar da amintacce guda inda takardar take.

13. Tunda yana rabuwa ƙanana, zan iya biyan mai shayi da shi? Ai da mun huta da rashin canji.

Rashin canji kam ya ishi kowa. Ka miƙa jika a sayi abin dala talatin, yaro ya zaga shago uku, a ƙarshe a cika maka da alawa ko dunƙulen magi. A lissafi satoshi zai iya biyan ko dala ɗaya. A aikace, babban kundin Bitcoin bai dace da wannan ba. Kuɗin turawa ba ya bin yawan abin da ka tura, yana bin gurbin da saƙonka ya ci a shafi da kuma cunkoson masu jira. Mai tura jika ɗaya da mai tura miliyan ɗari suna iya biyan abu ɗaya. Ran da hanya ta yi sauƙi kuɗin kaɗan ne, amma a Disamba 2017 matsakaicinsa ya haura dalar Amurka 50. Ga jiran minti 10 ko fiye, shayi ya huce. Akwai ma ƙaramin adadi, satoshi 546 a tsofaffin adireshi, wanda ƙasa da shi yawancin kwamfutocin ba sa isar da saƙon.

Don haka aka gina wata hanya mai suna Lightning a kansa, inda ake biya nan take da kuɗin turawa ƙalilan, sai daga baya a kai jimla babban kundi. Yana aiki, amma yana son intanet a ɓangare biyu, da caji, da mai shayin da ya yarda. A nan gida, tura sefa ta waya ko ta kamfanonin aika kuɗi ya riga ya toshe mafi yawan wannan gurbi, ba tare da mai shayi ya kwana yana duba farashi ba.

14. In satoshi ɗaya ya zo ya yi tsada fa? Kuma ba za a iya ƙara adadin a ɓoye ba?

Da sauran tafiya. Sai Bitcoin ya kai dalar Amurka miliyan ɗaya kafin satoshi ya kai santi ɗaya, wato kusan dala ɗaya tamu. Lightning ma tuni yana lissafi da kashi ɗaya cikin dubu na satoshi. In buƙata ta taso za a iya ƙara gurabe bayan ɗigo, kuma kamar yadda aka gani a tambaya ta 4, wannan ba ya rage wa kowa komai.

Ƙara miliyan 21 ɗin kuwa wata magana ce. Manhajar a buɗe take, kowa zai iya kwafa ya canza lamba, amma sai masu riƙe da kundin sun yarda sun sauya tasu, su kuwa ba su da dalilin rage darajar abin da ke hannunsu. A Agusta 2017 da aka yi saɓani a kan girman shafi, waɗanda suka ɓalle sun tashi da kuɗinsu daban mai suna Bitcoin Cash, na asali ya ci gaba yadda yake. Iyakar dai yarjejeniyar mutane ce, ba dokar halitta ba, amma a ɓoye ba za ta canzu ba.

15. Me ya sa ƴan kasuwa suka fi riƙe USDT, alhali shi ba ya hawa?

Don rashin hawan nasa suke so. Mai saro kaya yana son abin da ya tura yau ya isa gobe da darajarsa. USDT kamfanin Tether ke fitar da shi, an ɗaure shi da dalar Amurka, ba shi da iyakar adadi, kuma tsayuwarsa ta dogara ga ajiyar kamfanin da amanarsa. Maƙwabtanmu sun rungume shi ne da naira ta zube, daga wajen 460 a kan dalar Amurka a farashin gwamnati a farkon 2023 zuwa fiye da 1,500 a 2024. Ƴan canjinmu da masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya sun ga wannan da idonsu.

Mai sefa halinsa daban ne, domin an ɗaure ta da yuro a kan 655.957. Ba a ce ba ta da nata haɗarin ba: dattawa suna tuna Janairu 1994, da aka wayi gari an rage mata rabin daraja, kowa kuma yana tuna layin banki lokacin takunkumin 2023. Amma a doka sefa ce kaɗai kuɗin da ba a ƙin karɓa a ƙasashen UEMOA, kuma BCEAO ba ta tsaya wa kowane kirifto ba. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta ayyana Bitcoin kuɗin ƙasa a Afrilu 2022, ta janye a 2023.

16. Me malamai suka ce, kuma akwai zakka a kansa?

Sun saɓa. Muftin Masar na lokacin, Shawki Allam, ya haramta cinikinsa a farkon 2018, majalisar malaman Indonesiya ta hana amfani da shi a matsayin kuɗi a Nuwamba 2021, suna kafa hujja da garari, wato rashin tabbas a ciniki, da kama da caca. Wasu malaman suna ganin dukiya ce tunda mutane sun yarda da ita, muddin hannu da hannu ne, ba ruwa, ba yaudara. Mutum ya zauna da malamin da ya yarda da shi, ya yi masa bayanin abin yadda yake, ba yadda mai talla ya faɗa ba.

Waɗanda suka halatta suna wajabta zakka in darajarsa ta kai nisabi, wanda da yawa ke aunawa da giram 85 na zinariya, kuma shekara ta zagayo: kashi 2.5 cikin 100, da farashin ranar fitarwa. Wannan ya taɓa maganar tambaya ta 7, domin mai ƙanƙame dukiya yana jiran ta hau, duk shekara sai ya fitar da ɗaya cikin arba'in nata.

17. Ran da ladan haƙo ya ƙare, wa zai ci gaba da tsaron kundin?

Tsarin ya tanadi cewa masu haƙo za su rayu da kuɗin turawa kaɗai. A yanzu mafi yawan abin da suke samu daga sabon Bitcoin ne, kuɗin turawa ƙaramin kaso ne a yawancin ranaku. Ba sai an jira 2140 ba, domin kowane rabo yana yanke ladan biyu: wajen 2028 zai koma 1.5625, wajen 2032 ya gaza guda ɗaya. Injinan suna shan wutar lantarki mai yawa, kuma mai wuta ba ya karɓar alkawari.

Ko dai farashi ya yi ta hawa ya cike giɓin, ko kuɗin turawa ya yi tsada, ko wasu masu haƙo su kashe injinansu tsaro ya ragu. Ga ƙulli a nan: idan kowa ya bi shawarar a saya a ɓoye kada a taɓa, hada-hada za ta yi ƙaranci, kuɗin turawa su yi ƙaranci, masu gadin su rasa albashi. In kuma kuɗin turawa suka yi tsada, mai jika biyar na tambaya ta 5 ba zai iya taɓa babban kundi ba, sai ta Lightning ko ta hannun wani kamfani da zai riƙe masa. Masu harkar da kansu suna ta muhawara a kan wannan, kuma rabon 2028 ne zai zama gwaji na gaba.